Matashi Bayan Tashin Hankali: Tambayoyi da Amsoshi Kan Hanyoyin Jinya

Duk wanda ya taɓa zama gida ɗaya da matashin da wani mummunan abu ya auka masa ya san irin shirun da ke sauka a gidan. Ko haɗarin mota ne, ko fyaɗe, ko garkuwa, ko gobara, ko mutuwar wani a kan idonsa, an yi jinyar jiki, rauni ya warke, amma yaron da ya dawo ba shi ne wanda aka sani ba. Tambayoyin nan su ne waɗanda iyaye da malamai suka fi yi, wasu kuma daga bakin matasan ne da kansu.

Yaya zan bambance firgicin da zai wuce da kansa da wanda sai an ga ƙwararre?

Ku duba abu biyu: tsawon lokaci, da yadda abin ya shiga harkokinsa na yau da kullum. A kwanakin farko, rashin barci, yawan kuka, faɗuwar gaba da mugun mafarki ba cuta ba ne, haka jikin ɗan Adam yake amsa masifa. Yawancin matasa suna dawowa hayyacinsu a hankali idan akwai masu kula da su. Wani nazari da aka wallafa a 2014, wanda ya tattara sakamakon bincike da dama, ya nuna cewa kusan kashi 16 cikin 100 na yara da matasan da suka gamu da irin wannan masifa ne ke kamuwa da ciwon da likitoci ke kira PTSD, wato ɗimuwar da ke biyo bayan tashin hankali. Tun 1980 sunan ya shiga littafin cututtukan ƙwaƙwalwa na likitocin Amurka, kuma ba a tabbatar da shi sai alamun sun wuce wata ɗaya.

Alamun sun kasu gida huɗu. Abin yana dawo masa ba tare da ya kira shi ba, a mafarki ko ido biyu, kamar yanzu yake faruwa. Yana gudun duk abin da zai tuna masa, ko hanya ce, ko mutum, ko wani ƙamshi. Tunaninsa game da kansa da duniya ya sauya: "laifina ne", "babu wanda za a yarda da shi". Sannan kullum a ɗar-ɗar yake. A ce yarinya 'yar shekara 15 da a da take zama ko'ina a aji, yanzu sai kujerar ƙarshe, bayanta a jikin bango, idonta a kan ƙofa. Littafi ya faɗi daga tebur, kowa ya waiga ya ci gaba da rubutu, ita kuwa hannunta yana rawa har aka tashi.

Abin da ya fi ruɗar iyaye shi ne, a wajen matasa ciwon yakan fito da rigar rashin ji: saurin fushi, tsiwa, gudun makaranta, shaye-shaye, kasada da rai. Ruwa ba ya tsami banza. Idan ɗabi'ar ta sauya ne bayan abin da ya faru, a nemi taimako kafin a nemi bulala.

Me ke faruwa a ƙwaƙwalwarsa da ya kasa mantawa?

Akwai wani ɗan sashe a ƙwaƙwalwa da ake kira amigdala, aikinsa aikin mai gadi ne. Da ya hango haɗari sai ya buga ƙararrawa, jiki ya saki sinadaran adirenalin da kotizol, zuciya ta hau bugawa, a shirya gudu ko faɗa, ko kuma jiki ya sandare. Wani sashen, hifokamfas, shi ke adana abin da ya faru da kwanan watansa, ya ajiye shi a layin abubuwan da suka wuce. A lokacin tsananin firgita wannan adanawar ba ta tafiya daidai, sai abin ya zauna gutsi-gutsi: ƙara, wari, hoton fuska, babu alamar cewa ya wuce. Shi ya sa ƙarar birki kawai take iya mayar da yaro cikin motar da ta kife da shi bara. Sashen gaban ƙwaƙwalwa kuma, wanda ke cewa mai gadin ya kwantar da hankalinsa, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Matashi yana fama da ƙararrawa mai ƙarfi da birkin da bai gama ƙwari ba.

A nan ne amsar wata tambaya mai ciwo take: "Me ya sa ba ki yi ihu ba? Me ya sa ba ka gudu ba?" Sandarewar jiki ba zaɓi ba ce, ba kuma yarda ba ce. Don Allah kada a yi wa yaro wannan tambayar.

Ba gara a bar kaza cikin gashinta ba? Tono maganar ai fama ciwo ne.

Wannan ita ce tambayar da na fi so a tsaya a kanta, domin daga ƙauna take fitowa, amma ita ce ta fi jinkirta warkewa. Uwa ta ga ɗanta yana kaɗuwa idan aka ambaci abin, sai ta hana kowa ambata. Yaron ya daina bin hanyar da abin ya faru, ya ji sauƙi a ranar. Matsalar ita ce, wannan sauƙin na ɗan lokaci yana koya wa ƙwaƙwalwa cewa gudun ne ya cece shi. Gobe sai ya ƙara da gudun hanyar da ke kusa da waccan, jibi ya daina fita da yamma, kafin shekara duniyarsa ta koma ɗaki ɗaya. Tunanin da yake gudu kuwa yana nan daram, domin ba a taɓa ba shi damar zama tarihi ba.

Duk hanyoyin jinyar da bincike ya fi tabbatar da amfaninsu sun haɗu a kan abu ɗaya: a tunkari abin da ya faru sannu a hankali, a wuri mai aminci, tare da wanda ya san aikin, bayan an koya wa matashin yadda zai kwantar da jikinsa. Miki mai ruɓa ba a liƙe shi da bandeji a bar shi, wanke shi ake yi, kuma wankin yana da zafi. Manufar ba mantawa ba ce. Manufar ita ce ya iya tunawa ba tare da jikinsa ya ɗauka abin yana sake faruwa ba.

Sai dai akwai iyaka da ya kamata a sani. Tilasta wa mutum ya zayyana komai a kwanakin farko, a zama guda, ba ya hana ciwon, kuma NICE, hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Birtaniya, ta ce a ƙa'idojinta na 2018 kada a yi haka. Haka nan ba aikin iyaye ba ne su zaunar da yaro suna yi masa tambayoyin ƙwaƙƙwafi. Naku shi ne ku bar ƙofa a buɗe: "Duk ranar da kake son magana, ina nan."

Wace hanya ce aka fi gwadawa a kan matasa?

TF-CBT, wato jinyar gyaran tunani da ɗabi'a wadda aka keɓe wa tashin hankali. Judith Cohen, Anthony Mannarino da Esther Deblinger ne suka tsara ta a Amurka, da farko saboda yaran da aka ci zarafinsu ta hanyar lalata, daga baya aka faɗaɗa ta. Ana yi wa 'yan shekara 3 zuwa 18, galibi zama ɗaya a mako, tsakanin zama 8 zuwa 25 gwargwadon nauyin lamarin.

Kashi na farko koyo ne. Matashin zai fahimci cewa abin da yake ji yana da suna, kuma ba hauka ba ne. Sau da yawa wannan bayanin kaɗai yana sauke rabin kaya. Zai koyi numfashi mai kwantar da jiki, da sakin jijiyoyi, da ba wa abin da yake ji suna, da kama tunanin da ke cutar da shi ya auna shi. Kashi na biyu shi ne ba da labarin. Ba a rana ɗaya ba: shafi-shafi, yau ya rubuta wane ne shi kafin abin, mako mai zuwa safiyar ranar, har a kai wurin da ya fi tsoro. Wani rubutawa yake yi, wani zane, wani waƙa. A nan ƙwararren yake jin jimlolin da suka maƙale, irin su "da ban nace mu fita ba da ƙanena yana raye", ya zauna da shi su duba ko yaro ɗan shekara 13 yana da ikon sanin abin da zai faru a hanya. Kashi na uku, ana komawa wuraren da yake gudu mataki-mataki, idan ba su da haɗari na gaske, a kuma tsara yadda zai kare kansa nan gaba.

Abin da ya bambanta wannan hanya, kuma abin da ya sa nake fifita ta, shi ne ba a barin iyaye a waje. Uwa ko uba, ko duk babban da yaron ya amince da shi wanda ba shi ne ya cutar da shi ba, yana da nasa zaman. Ana karanta masa labarin tun kafin yaron ya karanta a gabansa, domin ya yi kukansa ya gama, ranar haɗuwa kuma ya iya zama ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Na ji, na yarda da kai, ba laifinka ba ne." Bincike ya sha nuna cewa goyon bayan babba na kusa yana cikin manyan abubuwan da ke nuna ko yaro zai warke.

Na ji ana maganar jinyar motsa ido. Gaskiya tana aiki?

EMDR ke nan. Francine Shapiro ce ta faro ta a 1987, ta wallafa bincikenta na farko a 1989. Matashin zai riƙe hoton abin a ransa na 'yan daƙiƙoƙi yana bin yatsun ƙwararren da ido, dama da hagu, ko a riƙa ɗan taɓa hannuwansa bi da bi. A tsaya, a tambaye shi me ya zo masa, a ci gaba, har zafin hoton ya ragu. Matakai 8 gare ta, kuma shiri yana gaba da komai. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta tare da jinyar gyaran tunani a matsayin hanyoyin da take ba da shawara ga yara, matasa da manya. NICE kuwa ta ajiye ta a mataki na biyu ga 'yan shekara 7 zuwa 17, idan hanyar farko ba ta karɓe su ba. Masana suna ta muhawara kan ko motsin idon ne ke aikin ko tunkarar tunanin. Amfaninta ga matashin da kunya ta ɗaure masa harshe shi ne ba sai ya faɗi komai dalla-dalla ba, kuma babu aikin gida mai yawa.

Akwai wasu hanyoyin bayan waɗannan?

Akwai. Edna Foa ta Jami'ar Pennsylvania ta tsara hanyar da ake maimaita labarin da baki ana naɗa a saurara, tare da komawa wuraren da ake gudu, kuma tana da sigar matasa. Ta Patricia Resick, wadda ake kira CPT, zama 12 ce, ta fi mayar da hankali kan tunanin zargin kai da rashin yarda da mutane, don haka ta fi dacewa da manyan matasa masu iya rubutu da nazari.

Ga wanda masifa ta same shi ba sau ɗaya ba, kamar ɗan gudun hijira ko wanda ya tashi cikin yaƙi, akwai hanyar NET da Maggie Schauer, Frank Neuner da Thomas Elbert suka tsara a Jami'ar Konstanz ta Jamus, mai sigar yara da ake kira KIDNET. Farkon aikin yana da ban tausayi. Ana shimfiɗa igiya a ƙasa, bakinta ɗaya ranar haihuwa ce. Matashin zai ɗora dutse a duk inda wani mugun abu ya same shi, fure kuma a inda ya yi farin ciki. Ga dutse babba a shekara 9, ga fure ƙarami a shekara 11 ranar da ya samu aboki a sansani. Ragowar igiyar a naɗe ake barinta, domin ita ce rayuwar da bai riga ya yi ba. Daga nan ake bin duwatsun ɗaya bayan ɗaya, a ƙarshe a miƙa masa tarihinsa a rubuce.

Akwai kuma jinyar rukuni. Shirin CBITS da aka faro a makarantun Los Angeles zama 10 ne na ƙungiya a cikin makaranta, kuma yana da amfani idan masifa ɗaya ta shafi yara da yawa. Zane, kiɗa, motsa jiki da wasanni suna taimakawa wajen kwantar da jiki, amma hujjar da ke bayansu ba ta kai ta waɗanda aka ambata ba. A ɗauke su a matsayin ƙari.

Ba za a ba shi ƙwaya kawai ya samu barci ba?

Ga 'yan ƙasa da shekara 18, ƙwaya ba ita ce matakin farko ba, NICE ma cewa ta yi kada a ba su magani domin PTSD. Magunguna biyu da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da su don wannan ciwo, sertraline da paroxetine, ga manya aka amince da su. Idan akwai tsananin baƙin ciki ko wata cutar a gefe, likitan ƙwaƙwalwa yana iya rubuta magani, amma da sa ido sosai, domin tun 2004 irin waɗannan magunguna suna ɗauke da gargaɗin cewa suna iya ƙara tunanin kashe kai ga yara da matasa, musamman a makonnin farko. Magungunan sa barci irin su diazepam kuwa suna da saurin kama jiki, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan ba da su don firgicin farko. Kada a saya ba da takardar likita ba, kada kuma a tsayar da wanda likita ya rubuta farat ɗaya.

Na ga tabon yanka a hannunta. Me zan yi?

Ku natsu tukuna, ku zauna kusa da ita, ku tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin kashe kanta. Tambayar ba ta dasa tunanin a zuciyar wanda ba shi da shi. Ga mai shi kuwa sau da yawa ita ce ƙofar farko da aka buɗe masa. Idan ta ce eh, ko tana da shiri, kada a bar ta ita kaɗai, a kawar da magunguna da duk abin da zai iya cutarwa, a kai ta asibiti a ranar. Yankar jiki sau da yawa hanya ce ta rage wani zafin da ya fi na wuƙa, don haka faɗa da kunyatarwa sai dai su sa ta ƙara ɓoyewa. Hanyar DBT da Marsha Linehan ta tsara, wadda ke da sigar matasa tare da iyayensu, tana koyar da jure zafin rai ba tare da cutar da jiki ba. Akan fara da ita, sannan a shiga aikin labarin.

Idan abin bai ƙare ba fa, mai cutar da shi yana nan?

To tsaro ne a gaba. Babu jinyar da za ta shawo kan mai gadin ƙwaƙwalwa ya kwanta alhali ɓarawon yana cikin gida. A raba yaron da mai cutar da shi, a sanar da hukumar da ke kare yara. Cutarwar da ta daɗe tana maimaituwa takan bar tabo mai zurfi a yadda mutum yake kallon kansa da yadda yake hulɗa da jama'a. Kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a 2022 ya ba wannan suna na daban, PTSD mai sarƙaƙiya. Jinyarsa takan fi tsawo, amma hanyoyin su ne dai waɗannan.

Ya ce ba zai je ba. In tilasta masa?

Abin da masifa ta fara ƙwace masa shi ne ikon zaɓi, tilas kuwa maimaita wannan ne. Ku mayar masa da zaɓi gwargwadon iko: namiji yake so ko mace, wace rana, ku shiga tare ko ku jira a waje. Ku nemi ya gwada zama 3 kawai sannan ya yanke hukunci. Ku yi magana da abin da ya dame shi shi, ba abin da ya dame ku ba: "Na ga barci yana ba ka wahala, akwai masu taimakawa a kan haka." Idan ya ƙi duk da haka, ku ku je. Iyaye suna koyon abubuwa da yawa da ke sauya yanayin gida, kuma matashin da ya ga mahaifinsa ya je bai ji kunya ba yakan sassauto. Inda rai ke cikin haɗari ne kawai ba a jiran yardarsa.

Ni matashiya ce. Duk abin da na faɗa za a gaya wa iyayena?

A'a, ba duka ba. Ƙa'idar aikin ita ce sirri, sai a wurare kaɗan: idan rayuwarki tana cikin haɗari, ko ta wani, ko ana cutar da ke yanzu. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka ki tambaya tun zaman farko: "Me za ki riƙe, me kuma dole ki faɗa?" Haƙƙinki ne, kuma ƙwararriya ta gari za ta amsa miki ba tare da ɓoye-ɓoye ba.

Babu masanin halayyar ɗan Adam kusa da mu. Shi ke nan?

Ba shi ke nan ba. An gwada TF-CBT a Zambiya da masu ba da shawara waɗanda ba likitoci ba ne, horo kawai aka ba su ana kuma duba aikinsu, sakamakon da aka wallafa a 2015 ya nuna alamun ciwon sun ragu sosai. An gwada ta a rukuni a Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango da 'yan matan da yaƙi ya shafa, ta yi amfani. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suna da shirin EASE na 'yan shekara 10 zuwa 15, zama 7 na yara da 3 na masu kula da su, wanda aka tsara domin wanda ba ƙwararre ba ya iya gudanarwa bayan horo. Ku fara da ma'aikacin lafiya mafi kusa ko mai ba da shawara na makaranta, ku tambayi ƙungiyoyin da ke aiki da yara. Ana kuma yin waɗannan zama ta bidiyo a intanet, muddin yaron zai samu ɗakin da ba mai jin sa.

Addu'a da haƙuri ba su isa ba?

Imani ginshiƙi ne ga mutane da yawa, kuma ƙwararre mai hankali ba zai raba yaro da shi ba, zai ma jingina da shi. Amma wanda ya karye a ƙafa yana addu'a yana kuma zuwa a ɗaure masa. Abin da nake roƙo shi ne kada a ce wa matashi ciwonsa raunin imani ne, domin an ɗora masa laifi a kan ciwo ke nan.

Yaya zan gane ƙwararre na gari, kuma yaya zan san jinyar tana aiki?

Ku tambaye shi wace hanya zai bi da sunanta, ina ya samu horo a kanta, ya taɓa aiki da matasa, zama nawa yake hasashe, kuma mene ne rawar da za ku taka. Ku guji wanda ya yi alƙawarin warkarwa a zama ɗaya, da wanda ya matsa wa yaro ya "tuno" abin da bai taɓa tunawa ba, da wanda aka shafe watanni ana hira ba a taɓa kusantar abin da ya kawo ku ba. Idan bayan zama da yawa yaron bai sake da shi ba, sauya wani ba laifi ba ne.

A lokacin da aka shiga ba da labarin, alamun suna iya ɗan tashi na mako ɗaya ko biyu. Ku sanar da ƙwararren, amma kada ku janye yaron a daidai nan, domin a tsakiyar wankin mikin ake. Masu aikin sukan auna ci gaba da takardar tambayoyi lokaci-lokaci, ku nemi a nuna muku. A gida kuwa alamun ƙanana ne: ya kwana har asuba bai farka a firgice ba, ta koma kujerar tsakiyar aji, ya yi faɗa da ƙanwarsa a kan abin da bai taka kara ya karya ba kamar yadda suka saba. Ranar da abin ya cika shekara, ko lokacin jarrabawa, wasu alamun suna iya leƙowa. Idan suka wuce 'yan makonni, a koma a yi zama ɗaya ko biyu na tuni.